MATAN SA'UDIYYA SUN SAMI LASIN TUƘI, WAƊANDA SUKA NEMA MUSU SUN SHA ƊAURI

Ran Lahadi 24 ga watan Yuni 2018 ne Gwamnatin Sa'udiyya ta ɗage hanin da ta daɗe da yi wa mata na tuƙa mota. Ƙarfe goma sha biyun dare na bugawa sai ga mata a kan titunan Riyad da Jidda da Dammam, kowacce riƙe da sitiyari, ubanni da mazaje kuwa suna zaune a kujerar gefe. A wasu wurare 'yan sandan hanya na tsai da su suna miƙa musu furanni, masu ɗaukar hoto na jaridun duniya suna ta kai da kawowa. Har zuwa jajiberin wannan rana, Sa'udiyya ce kaɗai ƙasar da ta rage a duniya wadda mace ba ta da ikon tuƙi a cikinta.

Amma duk wanda ya san tarihin al'amarin, ya kuma dubi hotunan wannan dare, zai ga akwai fuskokin da babu su. Lujain al-Hathlul ba ta nan, Aziza al-Yusuf ba ta nan, haka kuma Iman al-Nafjan. Su ne matan da sunayensu suka fi fitowa wajen neman wannan izini, kuma a daren da ake rabon furanni kwanansu arba'in ke nan a tsare, gama an kama su tun ran 15 ga watan Mayu. Yadda aka yi Gwamnati ta ba da abin da aka roƙa, ta kuma kulle masu roƙon, labari ne da ya faro tun 1990.

HANIN DA BA A RUBUTA BA

Shekara da shekaru babu wata doka a rubuce wadda ta ce kada mace ta yi tuƙi. Abin da ake yi shi ne, ofishin lasin ba ya ba mace lasin, doka kuwa ta ce ba a tuƙi sai da shi. Da haka aka rufe ƙofar ba tare da an ambaci mace ba ko sau ɗaya. A ƙauyuka da cikin hamada matan makiyaya sun daɗe suna tuƙa akori-kura suna kai wa dabbobinsu ruwa, ba mai ce musu kanzil. A unguwar ma'aikatan kamfanin mai na Aramco da ke Zaharan ma mata na tuƙi, sai dai in sun iso bakin ƙofar fita dole su sauka su koma kujerar baya.

Malaman da ke goyon bayan hanin ba su ce akwai aya ko hadisin da ya ambaci mota ba. Hujjarsu ita ce toshe ƙofar ɓarna, watau in an bar mace ta yi tuƙi za ta riƙa fita ba da sanin kowa ba, za ta buɗe fuska, za ta cuɗu da maza a gidan mai da garejin makanikai da ofishin 'yan sanda. Masu neman a ɗage hanin su kuma suka ce ai matan Sahabbai sun hau raƙuma sun yi tafiya, sa'an nan suka yi wata tambaya wadda ba a taɓa ba su gamsasshiyar amsarta ba: in keɓewa da namiji ake gudu, yaya za a tilasta wa mace ta shiga mota ita kaɗai da direba baƙo wanda ba muharraminta ba?

Direbobin nan kuwa ba kaɗan ba ne. Kafin a ɗage hanin, yawan direbobin gida da aka ɗauko daga ƙasashe irin su Indiya da Pakistan da Bangaladash da Sudan ya haura miliyan ɗaya. Gidan mai hali bai damu ba. Wadda ta ji jiki ita ce malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da za ta yanki babban kaso na albashinta ta ba direba, da gwauruwar da mijinta ya rasu ba ta da ɗa namiji babba, wadda in yaro ya kwanta ciwo da tsakar dare sai ta nemi mai kai ta asibiti.

RAN 6 GA WATAN NUWAMBA

A watan Agusta 1990 sojojin Iraƙi suka mamaye Kuwait. Nan da nan dubban sojojin Amurka suka sauka a Sa'udiyya, a cikinsu har da mata masu tuƙa manyan motocin soja. Matan Kuwait da suka gudo su ma wasunsu da kansu suka tuƙo motocinsu suka tsallako iyaka. Matan Riyad suna ganin wannan duka, suna kuma tambayar kansu, in yaƙi ya iso ƙofar gida maigida ba ya nan, direba ya gudu, wa zai kwashe yara?

Ran Talata 6 ga watan Nuwamba na wannan shekara mata 47 suka hallara a filin ajiye motoci na wani babban kanti a Riyad. Cikinsu akwai malaman Jami'ar Sarki Sa'ud, da 'yan kasuwa, da matan aure, dukkansu cikin abaya da lulluɓi. Waɗanda suka zauna a kujerar tuƙi suna da lasin da suka samo a ƙasashen waje lokacin da suke karatu. Suka sallami direbobinsu, suka jera motoci kamar goma sha biyar, suka hau titi. Daga cikin sanannunsu akwai Dr. A'isha al-Mana, da Dr. Hissa al-Shaikh, da Dr. Fauziyya al-Bakr, da wata mai sana'ar ɗaukar hoto, Madiha al-Ajrush. Sun riga sun aika da takardar roƙo ga Gwamnan Riyad na lokacin, Yarima Salman ɗan Abdul'aziz. Mai karatu ya riƙe wannan suna, don shi ne wanda bayan shekara 27, yana kan gadon sarauta, zai sa hannu a ɗage hanin.

Ba su yi nisa ba 'yan sanda suka tare su, 'yan Hisba suka iso. Aka kai su ofishin 'yan sanda, suka raba dare a can, ba a sake su ba sai da mazajensu da ubanninsu suka zo suka sa hannu a takardar alkawari cewa ba za a sāke ba.

Tsarewar dare ɗaya ba ita ce wahalar ba. Wahalar ta fara ne da wayewar gari. Aka buga takardun ɓatanci ana rarrabawa a masallatai da kan tituna, ɗauke da sunan kowace mace da sunan mijinta, ana kiransu fasiƙai, 'yan kwaminis, 'yan koren Amurka. Aka ambace su a kan mumbari. Wayoyin gidajensu suka dinga ƙara, ana zagi ana barazana. Gwamnati ta karɓe fasfo ɗinsu, aka hana su da mazajensu fita ƙasar har shekara guda, waɗanda ke aikin Gwamnati kuma aka dakatar da su fiye da shekara biyu. Wasu ɗalibansu mata ma sun juya musu baya. Madiha al-Ajrush ta sha ba da labarin yadda jami'ai suka zo gidanta suka kwashe hotunan da ta yi shekaru tana tarawa, aka ƙone su.

Cikin 'yan kwanaki Shaihu Abdul'aziz bin Baz, wanda daga baya ya zama babban Muftin ƙasar, ya ba da fatawar hani, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a ƙarƙashin Yarima Nayif ta bi da sanarwa. Abin da dā yake al'ada ya zama umurnin hukuma. Saboda haka matan nan suka sha zargi ta fuska biyu, gama ban da masu ganin sun yi fitsara, akwai 'yan uwansu mata da ke cewa garin gyaran gira sun tsone ido. Ko bayan da aka mai da su bakin aiki, da yawansu sun ce ƙarin girma ya daina zuwa musu, sunan "direbobi" kuma ya bi su kamar tabo. Su kuwa suka karɓi sunan, suka riƙa taruwa a gidan ɗayarsu kowace shekara ran 6 ga watan Nuwamba.

Daga nan maganar ta kwanta shekaru. A 2005 wani wakilin Majalisar Shura, Muhammad al-Zulfa, ya nemi a tattauna ta, Majalisar ta ƙi. A 2007 Wajiha al-Huwaidar da Fauziyya al-Uyuni suka tara sa hannun mutum 1,100 suka aika wa Sarki Abdullahi. Ran 8 ga watan Maris 2008 Wajiha ta ɗauki hoton bidiyon kanta tana tuƙi a wata hanyar bayan gari ta sa a YouTube. Shiru.

MANAL DA 'YA'YANTA BIYU

Manal al-Sharif haifaffiyar Makka ce, an haife ta a 1979, ta yi karatun kwamfuta a Jidda, ta sami aiki a Aramco a sashen tsaron na'urori, inda mata ba su da yawa. Aurenta na fari ya mutu, tana da ɗa namiji ɗaya. Tana da mota, tana da lasin da ta samo a Amurka, tana tuƙi a cikin unguwar kamfani, amma in za ta shiga gari sai ta nemi mai kai ta.

A watan Mayu 2011, ana tsakiyar guguwar da ta tumɓuke shugabannin Tunisiya da Masar, Manal ta shiga motarta ta zaga garin Al-Khubar, Wajiha al-Huwaidar na gefenta tana ɗaukar bidiyo. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu dubban ɗaruruwan mutane suka kalli bidiyon. Ran 21 ga wata aka tare ta tana tuƙi tare da ɗan'uwanta, aka tsare su, aka sake su, sa'an nan da tsakar dare aka dawo gidanta aka tafi da ita. Ta yi kwana tara a gidan yarin mata na Dammam. Sai da mahaifinta ya je ya kai kuka gaban Sarki, ita kuma ta sa hannu a takardar alkawari, aka sake ta ran 30 ga wata. Duk da haka ran Juma'a 17 ga watan Yuni, ranar da ita da ƙawayenta suka sa tun farko, mata da dama sun fito sun yi tuƙi a garuruwa daban-daban.

Kwana tara ba su da yawa in an kwatanta da abin da ya biyo baya. A 2012 aka gayyace ta birnin Oslo ta karɓi lambar yabo ta kuma yi jawabi, kamfani bai so ba, ta tafi, aikin da ta yi shekara goma tana yi ya ƙare a nan. Tun da gidan da take ciki na kamfani ne, shi ma ya tafi. Ta koma Dubai, daga baya Ostareliya. Ɗanta na fari ya zauna a Sa'udiyya wajen mahaifinsa, don ba ta da ikon fita da shi sai da yardar uba. Ta sāke aure da wani mutumin Birazil, ta haifi ɗa na biyu, amma da yake hukuma ba ta amince da auren ba, yaron bai sami izinin shiga Sa'udiyya ba. Lokacin da littafinta ya fito a 2017, 'ya'yan nan biyu, uwa ɗaya, ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Babu alƙalin da ya yanke mata wannan hukunci, babu kuma kotun da za ta kai ƙara a kansa.

A nan ne ya kamata a tsaya a dubi tushen abin, watau tsarin waliyyi. A wancan lokaci mace a Sa'udiyya, kome shekarunta kome iliminta, ba ta samun fasfo ko ta fita ƙasar sai da izinin wani namiji, uba ko miji ko wa, wani lokaci ma ɗan da ta haifa. Ko sakinta daga kurkuku sai waliyyi ya zo ya karɓe ta. Alhazanmu sun ɗanɗani ɗan ɓangaren wannan tsari a watan Satumba 2012, sa'ad da askarawa suka tsare maniyyata mata 'yan Nijeriya kimanin dubu a filayen jirgin Jidda da Madina a kan ba su zo da muharrami ba, aka maido da ɗaruruwansu gida, har Nijeriya ta dakatar da jigilar alhazai na ɗan lokaci. Abin da hajiyoyinmu suka gani na 'yan kwanaki, shi ne zaman yau da kullum na macen ƙasar.

Wannan tsari ne ya ba hukuma sanda mai tsawo. Duk macen da aka kama tana tuƙi, mijinta ko ubanta ne ke sa hannu, shi za a kira in ta sāke, aikinsa da fasfonsa ne ke cikin haɗari. Ta haka ake mai da gidan mace ya zama mai gadinta. Matar da ba ta tsoron kurkuku tana iya jin tsoron ganin tsohon mahaifinta tsaye a ofishin 'yan sanda yana ba da haƙuri.

Sarki Abdullahi, Allah ya ji ƙansa, ya yi ta bayarwa da hannun dama ana karɓewa da hagu. Ran 25 ga watan Satumba 2011 ya ba da sanarwar cewa mata za su yi zaɓe su kuma tsaya takara a ƙananan hukumomi, za a kuma naɗa su a Majalisar Shura. Bayan kwana biyu wata kotu a Jidda ta yanke wa wata mata, Shaima Jastaniya, bulala goma saboda tuƙi, sai da aka yi ta surutu kafin a soke hukuncin. A watan Janairu 2013 mata 30 suka shiga Majalisar Shura mai wakilai 150, amma kowaccensu direba ne ke kai ta zauren. Ran 26 ga watan Oktoba na wannan shekara Aziza al-Yusuf, tsohuwar malamar kwamfuta a Jami'ar Sarki Sa'ud, da Iman al-Nafjan, malamar harsuna mai rubuce-rubuce a intanet, suka jagoranci wata fitowar. A lokacin ne wani malami ya ce wai tuƙi na lalata mahaifar mace, maganar da ta zama abin dariya har a cikin ƙasar.

KWANA 73 A KARON FARKO

Lujain al-Hathlul an haife ta a 1989, watau tana 'yar shekara ɗaya lokacin da matan nan 47 suka hau titi. Ta yi karatun Faransanci a wata jami'a a Kanada. A ƙarshen watan Nuwamba 2014 ta tuƙo motarta daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta nufo iyakar ƙasarta, riƙe da lasin Daular, wanda bisa yarjejeniyar ƙasashen yankin ya kamata ya yi aiki a Sa'udiyya. Jami'an iyaka suka karɓe fasfonta, ta kwana a cikin mota. Kashegari wata 'yar jarida, Maisa al-Amudi, ta tuƙo tata motar ta kawo mata abinci da abin rufa, aka haɗa su biyu aka kama. Sun yi kwana 73 a tsare, aka kuma miƙa maganarsu ga kotun musamman da aka kafa a 2008 domin shari'ar 'yan ta'adda.

Wannan bai sa ta yi laushi ba. Ta nemi tsayawa takara a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Disamba 2015, sunanta bai fito a takardar zaɓe ba. A 2016 tana cikin mutum fiye da 14,000 da suka sa hannu a takardar neman a soke tsarin waliyyi, wadda Aziza al-Yusuf ta kai fadar Sarki da hannunta.

Ana nan sai abubuwa suka juya ta inda ba a zata ba. Gangar mai da ake sayarwa fiye da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairu 2016. Ɗan Sarki Salman, Yarima Muhammad, wanda ya zama mai jiran gado a watan Yuni 2017, ya fito da shirin raya ƙasa na zuwa shekarar 2030, wanda a cikinsa ake son yawan mata a cikin ma'aikata ya tashi daga 22 zuwa 30 cikin ɗari. Ba yadda za a yi mace ta je aiki kullum in rabin abin da za ta samu na direba ne. Ga kuma kuɗin da direbobin ke aikawa ƙasashensu, ga sunan ƙasar da hanin ke ɓatawa a idon masu zuba jari. Ran Talata 26 ga watan Satumba 2017 Sarki Salman ya ba da umurni a fara ba mata lasin, umurnin kuma ya ce mafi yawan manyan malaman ƙasar ba su ga laifin hakan a Shari'a ba. Fatawar da ta yi shekara 27 tana aiki ta kau a dare ɗaya.

A wannan rana ce wasu daga cikin matan da suka yi gwagwarmayar suka ce an bugo musu waya daga fada, aka gargaɗe su kada su yi magana da 'yan jarida, ko ta yabo ce.

KAMUN WATAN MAYU

A watan Maris 2018 aka tare Lujain a kan hanya a Abu Dabi, inda take karatu, aka sa ta a jirgi aka dawo da ita Riyad. Mijinta, Fahad al-Butairi, sanannen mai wasan barkwanci, shi ma an ɗauko shi daga Jodan, kuma auren bai tsira ba. Ran 15 ga watan Mayu aka fara kamu gida-gida. Ban da Lujain da Aziza da Iman, an kama A'isha al-Mana, wadda ta kai shekara saba'in, da Madiha al-Ajrush, da Hissa al-Shaikh, watau tsofaffin "direbobin" 1990, ko da yake su an sake su bayan 'yan kwanaki. An kama maza ma, ciki har da lauya Ibrahim al-Mudaimig wanda ya taɓa tsaya wa Lujain a kotu, da wani saurayi marubuci, Muhammad al-Rabi'a. Jaridun da ke kusa da Gwamnati suka buga hotunansu da tambarin cin amanar ƙasa, ana kiransu 'yan koren ofisoshin jakadanci. Takardun 1990 ne suka dawo, sai dai wannan karon a shafin farko na jarida.

Kamun bai tsaya ba ko bayan da mata suka fara tuƙi. A ƙarshen watan Yuni aka kama Dr. Hatun al-Fasi, masaniyar tarihi, a ƙarshen Yuli kuma Samar Badawi da Nasima al-Sada. Da Gwamnatin Kanada ta nemi a sake su, Sa'udiyya ta kori jakadanta a watan Agusta, ta dakatar da sabon ciniki da ita, ta kuma umurci dubban ɗalibanta da ke karatu can su bar ƙasar.

A watan Nuwamba 2018 ƙungiyoyin Amnesty International da Human Rights Watch suka ba da rahoton cewa an azabtar da wasu daga cikin matan a watannin farko, a wani wurin tsaro da ba na hukuma ba kusa da Jidda. Dangin Lujain suka ce ta gaya wa iyayenta an yi mata bulala, an jona mata wutar lantarki, an tsiyaya mata ruwa a fuska har numfashi ya kusa ɗaukewa, an kuma yi mata barazanar fyaɗe da kisa. Suka ce Sa'ud al-Kahtani, babban mashawarci a fada wanda aka sauke bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a Istanbul ran 2 ga watan Oktoba 2018, ya halarci wasu daga cikin zaman. Gwamnati ta ƙaryata wannan duka, kotu kuma ta kori ƙarar Lujain a kan azabtarwa, ta ce babu hujja. A watan Agusta 2019 danginta suka ce an yi mata tayin saki in za ta tsaya gaban kyamara ta ce ba a taɓa ta ba. Ta ƙi, ta ci gaba da zama.

Shi Yarima Muhammad ya gaya wa 'yan jarida a watan Oktoba 2018 cewa kamun ba shi da alaƙa da haƙƙin mata, ya ce mutanen suna da hulɗa da ma'aikatan leƙen asirin ƙasashen waje. Amma da aka fara shari'a ran 13 ga watan Maris 2019, abin da ke cikin takardar tuhumar Lujain, kamar yadda danginta suka bayyana, shi ne ta yi magana da 'yan jaridar waje da jami'an jakadanci da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, ta nemi a soke tsarin waliyyi, ta kuma nemi aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya.

To, me ya sa Gwamnatin da ta riga ta yarda mata su yi tuƙi za ta ɗauki wannan ɗawainiya? Amsar da ta fi kama hankali ita ce, a idon fada tuƙi ya daina zama laifi, amma roƙo a bainar jama'a bai daina ba. In mutane suka fahimci cewa taruwa da sa hannu da fitowa titi ne suka jawo wannan canji, gobe wasu za su taru su nemi wani abin, watakila wanda fada ba ta shirya bayarwa ba. Saboda haka dole izinin ya zo a matsayin kyauta daga sama, kyauta kuwa ba ta tabbata in mai cewa haƙƙinsa ne yana tsaye a wurin rabo. Kiran wayar watan Satumba da kamun watan Mayu saƙo ɗaya suke ɗauke da shi.

Ran 28 ga watan Maris 2019 aka saki Aziza da Iman na wucin gadi. Mako guda bayan haka aka kama ɗan Aziza, Salah al-Haidar, ya yi kusan shekara biyu a tsare. Lujain kuwa ta yi watanni ita kaɗai a ɗaki, ta yi yajin cin abinci a 2020 don a bar ta ta ga iyayenta. Ran 28 ga watan Disamba 2020 kotun 'yan ta'adda ta yanke mata shekara biyar da wata takwas, aka jingine shekara biyu da wata goma, aka lissafa zaman da ta riga ta yi. Ta fito ran 10 ga watan Fabrairu 2021, bayan kwana 1,001. Ta ɗaukaka ƙara, a watan Maris aka tabbatar da hukuncin. Samar Badawi da Nasima al-Sada sun fito a watan Yuni na wannan shekara. Muhammad al-Rabi'a, wanda duniya ba ta san sunansa sosai ba, an yanke masa shekara shida, da wa'adin ya zo ƙarewa sai aka sāke shari'ar a ƙarshen 2022 aka mai da shi shekara 17.

ABIN DA YA CANJA

Gaskiya ne ƙasar ta canja, kuma ba ƙaramin canji ba. A watan Agusta 2019 aka ba macen da ta kai shekara 21 ikon karɓar fasfo da fita waje ba da izinin waliyyi ba, abin da aka ɗaure Lujain saboda nemansa. Yawan mata a cikin ma'aikata ya haura 30 cikin ɗarin da aka yi niyya tun kafin lokacin da aka ɗiba. A 2022 Ministan Aikin Hajji ya ce ba dole sai da muharrami mace za ta zo Hajji ko Umra ba. Da kamfanin da ke tafiyar da jirgin ƙasa mai sauri tsakanin Makka da Madina ya nemi mata 30 masu tuƙi a wannan shekara, mata 28,000 ne suka nema, a farkon 2023 kuma 32 suka gama horo. Alhajin da ya hau wannan jirgi yana iya yiwuwa mace ce ta ja shi. Sai dai dokar iyali da aka kafa a 2022 ta bar wa waliyyi da miji iko mai yawa a sha'anin aure da riƙon 'ya'ya.

Bakin magana kuwa bai buɗe ba. Salma al-Shihab, ɗaliba mai neman digirin dakta a Jami'ar Leeds ta Ingila, uwar yara biyu, ta zo hutu gida aka kama ta a farkon 2021 saboda abin da ta rubuta a Twitter, wanda ya haɗa da goyon bayan Lujain. A watan Agusta 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da hukuncinta shekara 34. An yi ta ragewa daga baya, ta fito a watan Fabrairu 2025 bayan shekara huɗu.

Ita Lujain an sake ta ne da sharaɗin ba za ta fita ƙasar ba, an kuma sa wa iyayenta irin wannan takunkumi ba tare da wata shari'a ba. 'Yan uwanta mata biyu, Lina da Aliya, suna Turai, ɗan'uwanta Walid ya yi zamansa a Kanada, kuma tun da su ne suka kai maganarta gaban duniya, ba wanda ya yi kasadar dawowa gida a cikinsu. Ƙungiyoyin da ke bin shari'ar sun ce wa'adin hanin da kotu ta sa mata ya cika a watan Nuwamba 2023. A watan Fabrairu 2024 ta je bakin iyaka da niyyar fita, jami'ai suka ce mata sunanta na nan a cikin waɗanda aka hana, suka mai da ita.